Minti ɗaya bayan tsoka ta daina aiki: abin da fosforas ke nunawa a cikin maganaɗisu

Duk abincin da mutum ya ci, tuwo ne ko nama ko mai, tsokarsa ba ta iya motsawa da shi sai an juya shi ya koma wani sinadari guda da ake kira ATP, wanda ke ɗauke da ƙwayoyin fosfat uku a jere. Idan aka ɓalle fosfat na ƙarshe sai ƙarfi ya fito, zaren tsoka ya ja, abin da ya rage kuma shi ne ADP da fosfat sakakke. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar ajiyar ATP a cikin tsoka, domin bai wuce kimanin milimol 8 (ma'aunin yawan sinadari) a kowace lita ta ruwan ƙwayar tsoka ba, kuma da mai gudun tsere zai dogara da shi kaɗai, da ya ƙare masa a cikin daƙiƙu biyu ko uku. Amma idan aka auna tsokar da ke tsakiyar aiki mai tsanani, sai a tarar da ATP ɗin yana nan kusan yadda yake tun farko. Ana kashe shi ana mayar da shi a lokaci guda, da saurin da ya sa jimillar abin da jikin baligi ke juyawa a yini ɗaya ya kusan kai nauyin jikin nasa.

Mai rufa wa ATP asiri a daƙiƙun farko shi ne fosfokiretin, wani sinadari da ke ajiye fosfat a cikin tsoka. An gano shi a shekarar 1927, a Landan ta hannun Philip da Grace Eggleton, a Amurka kuma ta hannun Fiske da Subbarow, shekara biyu kafin a gano ATP ɗin kansa a 1929. Karl Lohmann na Jamus ne ya bayyana alaƙar da ke tsakaninsu a 1934: da zarar ATP ya rasa fosfat ɗinsa, sai fosfokiretin ya miƙa nasa ta hanyar wani enzayim (furotin da ke gaggauta sauyin sinadarai) mai matuƙar sauri da ake kira kiretin kainez. Ajiyar fosfokiretin ta ninka ta ATP kusan sau huɗu. Kamar randar da ake ta ɗibar ruwa daga cikinta ce, amma ba ta raguwa saboda akwai mai tsaye yana juye mata tulu, kuma wanda yake son ya san ƙarfin rijiyar gidan ba randar zai duba ba, sai ya jira a daina ɗiba ya ga tsawon lokacin da za a ɗauka kafin tulun ya sake cika. Randar a nan ita ce ATP, tulun shi ne fosfokiretin, rijiyar kuma ita ce maitokondiriya, ƙananan gaɓoɓin nan na cikin ƙwayar halitta da ke ƙona sukari da kitse da iskar oksijin su samar da ATP.

Kafin zuwan dabarar auna waɗannan sinadarai da maganaɗisu, hanyar sanin abin da ke cikin tsokar mai rai ita ce a yanko kaɗan daga jikinta. Jonas Bergström na ƙasar Suwidin ya fito da allurar yin hakan a 1962, kuma mafi yawan abin da aka sani game da gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa, da gajiyar 'yan wasa daga wannan allura ya samo asali, don haka ba abar rainawa ba ce. Sai dai tana da iyaka. Akwai zafi da jini, abin da ake cirowa bai fi ƙwayar wake ba, kuma a tsakanin yanka da daskarar da naman, fosfokiretin yana ci gaba da sauyawa. Babbar matsalar ita ce lokaci, domin abin da ake son gani yana faruwa ne daƙiƙa bayan daƙiƙa, babu kuma wanda zai yarda a soka masa allura a cinya sau hamsin a cikin minti biyar.

Dabarar da ta kauce wa yanka ta dogara ne a kan wata ɗabi'a ta cibiyar ƙwayar zarra, wadda Felix Bloch da Edward Purcell suka nuna a 1946. Cibiyoyin wasu sinadarai suna da ɗan maganaɗisu na kansu, kuma idan aka saka su a cikin babban maganaɗisu aka buga musu igiyar rediyo daidai da yawan kaɗawarsu, sai su karɓa, sannan su mayar da sigina mai rauni da za a iya ɗauka. Hoton MRI na asibiti yana sauraron haidirojin ne na cikin ruwa da kitse. Fosforas, wanda ke cikin kowane fosfat, shi ma yana amsawa, kuma an yi dace duk fosforas ɗin da ke cikin halitta nau'i ɗaya ne, mai lamba 31, wanda ke da wannan ɗabi'a, saboda haka ba a buƙatar yi wa mutum allurar komai. A maganaɗisu mai ƙarfin tesla 3 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), haidirojin yana amsawa a kusan megahaz 128, wato kaɗawa miliyan 128 a daƙiƙa, fosforas kuma a kusan megahaz 52. Muhimmin abu shi ne kowane fosforas yana amsawa da ɗan bambanci gwargwadon abin da ke kewaye da shi a cikin sinadarin da yake zaune, bambancin kuwa 'yan kashi ne a cikin miliyan, amma na'ura tana iya rarrabe shi.

Abin da ke fitowa a allon kwamfuta ba hoton ƙafa ba ne. Layi ne a kwance mai tsinaye da suka taso daga jikinsa, kuma faɗi da tsayin kowane tsini suna nuna yawan sinadarinsa. A tsokar da ke hutawa, dogon siririn tsinin da ya fi kowane shi ne na fosfokiretin, shi aka ɗauka a matsayin sifili ake auna sauran daga gare shi. Ta damansa akwai tsinaye uku na ATP, ɗaya ga kowane fosfat, a wajajen kashi 2.5 da 7.5 da 16 cikin miliyan ƙasa da sifili. Ta hagunsa, a wajen 4.9, akwai wani ɗan gajeren tsini na fosfat sakakke, wanda mai kallon farko zai iya wucewa bai lura da shi ba, alhali yana ɗauke da labari biyu. Tsayinsa yana nuna yawan fosfat ɗin, matsayinsa kuma yana nuna tsamin cikin ƙwayar tsoka, domin duk lokacin da tsami ya ƙaru sai ya matsa kusa da fosfokiretin. Moon da Richards ne suka nuna haka a 1973 a kan jajayen ƙwayoyin jini. Ana auna tsami da lambar pH, wadda ke raguwa idan tsami ya ƙaru: tazarar 4.9 tana nufin pH na kusan 7.05, idan kuwa ta ragu zuwa 4.2 to ya sauka zuwa wajen 6.5.

A jami'ar Oxford ta Ingila aka kai dabarar ga tsoka. A 1974 David Hoult da David Gadian da George Radda da abokan aikinsu suka saka tsokar ƙafar ɓera da aka ciro a cikin na'ura suka ga waɗannan tsinaye a nama wanda ba a niƙa ba. A 1980 wannan rukuni ya fito da zoben waya da ake ɗorawa a kan fata ya saurari abin da ke ƙarƙashinsa kawai, shi ne ya buɗe hanyar auna dabba mai rai, sannan mutum. A daidai lokacin Britton Chance yana irin wannan aiki a Filadelfiya a kan gaɓoɓin mutane. Gwajin da nake ganin ya tabbatar wa likitoci cewa abin ba wasan masana kimiyya ba ne shi ne na 1981, a kan wani majiyyaci da ake zargin yana da cutar McArdle. Masu wannan cuta, wadda Brian McArdle ya bayyana a Landan a 1951, ba su da enzayim ɗin da ke farfasa gilaikojin a tsoka, don haka suna saurin gajiya da ɗaurewar tsoka idan suka yi aiki mai ƙarfi. An saka hannun majiyyacin a maganaɗisu aka sa shi motsa shi. Fosfokiretin ya faɗi da sauri fiye da kima, amma tsinin fosfat bai matsa zuwa ɓangaren tsami ba kamar yadda yake yi a lafiyayyen mutum. An karanta rashin enzayim guda daga rashin motsin tsini guda, daga baya kuma binciken naman tsokar ya tabbatar da shi.

Yadda ake gwajin a yau yana da sauƙin bayani, wahalarsa tana wajen aiwatarwa. Mutum zai kwanta a kan gadon na'urar, a ɗaure masa zoben waya mai faɗin tafin hannu a kan sharaɓa ko cinya, a ɗaure gwiwa da ƙugu da majanyi domin kada jiki ya gusa, sannan a sa tafin ƙafarsa a kan wani abin takawa da aka ƙera da katako ko roba ko alminiyam, saboda ƙarfen da maganaɗisu ke ja ba ya shiga ɗakin. Ana fara ɗaukar hoto na yau da kullum domin a tabbatar zoben yana kan tsokar da ake nufi, sannan a ɓata 'yan mintuna ana daidaita maganaɗisun a wurin har tsinaye su fito sirara. Daga nan sai a ɗauki awon hutu, a ce masa ya fara takawa bisa wani sauti mai bugawa a kai a kai, na tsawon rabin minti zuwa 'yan mintuna gwargwadon tsarin gwajin. Sai a ce ya tsaya cak. Wannan umarni na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, kuma shi mutane suka fi karyawa, domin wanda ya gaji yana so ya miƙe ƙafa ko ya murɗa yatsu, kowane ɗan motsi kuwa yana cin ATP ya ɓata lissafin. Zai kwanta shiru na minti biyar ko fiye, na'ura tana ɗaukar awo kowace daƙiƙa biyu zuwa shida.

A lokacin da ake takawa, dogon tsinin fosfokiretin yana sauka, gajeren tsinin fosfat yana tashi da kusan gwargwadon abin da wancan ya rasa, tsinayen ATP uku kuma suna tsaye. A daƙiƙun farko pH yakan ɗan hau sama, abin da ke rikita ɗalibai, dalilin kuwa shi ne farfasa fosfokiretin yana shanye wani ɓangare na tsami. Sai an ci gaba, farfasa gilaikojin ya kankama, sannan ya fara sauka. A aiki mai tsanani wani lokaci tsinin fosfat yakan rabu biyu, alamar cewa a ƙarƙashin zoben akwai zaren tsoka ko sassan tsoka da tsaminsu ya bambanta. Wannan taruwar fosfat tana cikin abubuwan da suka sa masana suka sake duba tsohon zancen cewa tsami ne kaɗai ke kawo gajiya, domin hujjoji da dama sun nuna fosfat ɗin da kansa yana raunana jan zaren tsoka.

Duk da haka, a ganina darajar wannan awo tana cikin minti na farko bayan an tsaya. A lokacin aiki hanyoyi uku ne ke samar da ATP a haɗe, fosfokiretin da farfasa gilaikojin da maitokondiriya, kuma rarrabe kason kowacce yana buƙatar zato da yawa. Da zarar tsoka ta tsaya, buƙatar jan zare ta ƙare, farfasa gilaikojin yana mutuwa a cikin 'yan daƙiƙu, sai a bar maitokondiriya kusan ita kaɗai tana sake gina fosfokiretin. Roger Harris da Eric Hultman da abokansu sun nuna wannan a 1976 tun da allura: idan aka ɗaure cinya aka hana jini shiga bayan aiki, fosfokiretin ba ya dawowa sam, sai an kwance ɗaurin. Ke nan saurin dawowar tsinin ma'auni ne na abin da tsoka ke iya yi da iskar oksijin. Dawowar tana farawa da sauri ta riƙa lafawa, kuma Ronald Meyer ya nuna a 1988 cewa a aiki matsakaici ana iya kwatanta ta da lamba guda, wato lokacin da ake ɗauka kafin a mayar da kusan kashi 63 cikin ɗari na abin da aka rasa. A matashi lafiyayye wannan lokaci yana kewayen rabin minti. A ɗan wasan gudun dogon zango ya fi haka gajarta, a majiyyaci mai cutar maitokondiriya kuma yana iya kai minti ɗaya ko ya wuce. Wani alherin wannan lamba shi ne ba ta dogara sosai da girman tsoka ko himmar mutum ba, don haka ana iya kwatanta tsoho da saurayi ba tare da an nemi tsohon ya yi abin da ya fi ƙarfinsa ba.

A nan ne nake son mai karanta sakamakon bincike ya yi hattara, domin sau da yawa ana rubuta cewa an auna aikin maitokondiriya, alhali abin da aka auna ya fi haka faɗi. Oksijin ɗin da maitokondiriya ke ƙonawa sai ya bi ta huhu, ya hau jini, zuciya ta tura shi, jijiyoyi su kai shi, sannan ya ratsa zuwa cikin ƙwayar tsoka, kuma rauni a kowane mataki zai jinkirta dawowar fosfokiretin. Luke Haseler da Michael Hogan da Russell Richardson sun gwada wannan a San Diego a 1999 a kan mutane masu motsa jiki. Da suka shaƙi iska ta yau da kullum mai oksijin kashi 21, lokacin dawowar ya kasance daƙiƙa 25, da aka rage oksijin zuwa kashi 10 ya kai kusan 33, da aka ba su zallar oksijin kuma ya sauka zuwa 20. Mutanen ɗaya ne, maitokondiriyarsu ba ta sauya a cikin awa guda ba, abin da ya sauya shi ne isar oksijin. Da suka maimaita a kan mutanen da ba sa motsa jiki, ƙarin oksijin bai gaggauta komai ba, domin a wurinsu iyakar tana cikin tsokar kanta. Akwai kuma matsalar tsami: idan aka bar pH ya faɗi sosai a lokacin aiki, dawowar tana jinkiri ko da maitokondiriya lafiyarta ƙalau, shi ya sa masu lura suke tsara aikin ya zama gajere, ya rage fosfokiretin da kashi ɗaya cikin uku ko makamancin haka ba tare da pH ya sauka ƙasa da kusan 6.8 ba.

Idan an kiyaye waɗannan sharuɗɗa, amfanin yana da yawa. A masu toshewar jijiyoyin ƙafa, waɗanda ke tsayawa a hanya saboda zafin sharaɓa, dawowar tana da tsawo ƙwarai. A masu gazawar zuciya an gano tun shekarun 1980 cewa tsokar gaɓoɓinsu ita ma ta sauya, fosfokiretin yana ƙarewa da wuri, tsami yana zuwa da wuri, abin da ya taimaka aka fahimci cewa gajiyarsu ba daga bugun zuciya kaɗai take ba. A tsofaffi, binciken tsufa na birnin Baltimore ya nuna cewa waɗanda fosfokiretin ɗinsu ke jinkirin dawowa sun fi tafiya a hankali. A Newcastle ta Ingila, a 2013, an auna mutane 12 masu tsananin ƙarancin bitamin D da ke kukan gajiya, aka ba su magani, sai lokacin mayar da rabin fosfokiretin ya ragu daga kusan daƙiƙa 34 zuwa 28. Ƙaramin bincike ne, bai kamata a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba, amma yana nuna irin tambayar da awon ya dace da ita, wato mutum ɗaya, kafin magani da bayansa, ba tare da an yanke shi ba.

Akwai wata hanya ta daban da ta ja hankali sosai saboda ba ta buƙatar motsa jiki. Ana kashe siginar fosfat na ƙarshe na ATP da igiyar rediyo, a ga yadda tsinin fosfat sakakke ya ragu, daga nan a lissafa saurin musayar da ke tsakaninsu. Da ita ne Kitt Petersen da Gerald Shulman na jami'ar Yale suka ba da rahoto a 2004 cewa 'ya'yan masu ciwon sukari, waɗanda jikinsu ya fara bijire wa insulin, suna da ragin kusan kashi 30 cikin ɗari a wannan musaya. Daga baya wasu masana, cikinsu har da Graham Kemp da Kevin Brindle, suka yi nuni da cewa saurin da hanyar ke bayarwa a tsoka mai hutawa ya ninka abin da shan oksijin zai iya bayyanawa sau da yawa, domin mafi yawansa kai-komo ne na wasu enzayim na farfasa sukari. Bambancin da aka gani tsakanin mutanen yana iya zama na gaske, amma kiransa aikin maitokondiriya ya wuce abin da awon ya nuna, kuma ni ina tare da masu wannan suka.

Iyakokin dabarar a fili suke. Siginar fosforas ba ta kai kashi 7 cikin ɗari na ta haidirojin ba ko da adadinsu ɗaya ne, ga shi kuma sinadaran da ake nema sun gaza ruwa yawa sau dubbai, don haka dole a saurari tsoka mai yawa a lokaci guda, a samu matsakaicin zare iri-iri, wasu suna aiki wasu ba sa yi. Yawancin rahotanni ba sa auna adadi kai tsaye, suna ɗaukar ATP a matsayin milimol 8.2 ne, lambar da aka gada daga binciken allura, su lissafa sauran a kanta, kuma a tsokar da cuta ta cinye wannan zato yana iya karyewa. ADP kuwa, wanda shi ne ke tayar da maitokondiriya, ƙanƙantarsa ta sa ba a ganinsa ko kaɗan, lissafo shi ake yi daga daidaiton kiretin kainez. Sannan na'urar MRI ta asibiti ba ta jin fosforas sai an ƙara mata kayan aiki na musamman da zobe na daban, ga buƙatar masanin da zai tace sakamakon, shi ya sa bayan shekara fiye da arba'in har yanzu awon ya fi zama a cibiyoyin bincike.

Maganaɗisu mai tesla 7 ya ƙara ƙarfin sigina har ana iya ware tsoka guda a cikin sharaɓa a bi ta ita kaɗai, an kuma samu wasu hanyoyi masu araha, kamar hasken da ke ratsa fata ya auna shan oksijin, waɗanda ake gwada ingancinsu da sakamakon fosforas. Abin da ya fi ci wa fannin tuwo a ƙwarya shi ne kowace cibiya da nata abin takawa, da nata tsawon aiki, da nata salon lissafi, har ya zama lambar da aka samu a wani gari ba ta kwatantuwa da ta wani. A 2020 Martin Meyerspeer na birnin Biyana ta ƙasar Austriya da gungun masana daga ƙasashe da dama suka fitar da shawarwarin da suka amince a kai, inda suka nemi kowane rahoto ya bayyana girman zoben da inda aka ɗora shi, irin aikin da aka yi da tsawonsa, yawan fosfokiretin da aka rage, da pH a ƙarshen aiki. Duk takardar da ta ba da lokacin dawowa ba tare da pH ɗin ba, ban ga yadda za a yi amfani da lambarta ba.